Katangar da Ta Ci Gaba

Ruwan da aka yi ran nan cikin watan Oktoba, tun hantsi ya sauko bai ɗauke ba sai bayan la'asar. Irin ruwan Yawunde ne mai gangarowa da jan laka daga kan tudu, ya cika kwatoci, ya bi lungunan unguwar Briqueterie kamar ya san gidan kowa. Ana cikin haka tsohuwar katangar ƙasa da ta raba gidan Malam Shamsuddin da na Yaya mai soya, wato mai tsire, ta jiƙe ta kwanta. Ba ta taɓa kowa ba.

Malam Shamsuddin tela ne, mutumin Zariya. Da ƙuruciyarsa ya zo garin nan, ya daɗe yana aikin wuyan riga a rumfar wani kafin Allah ya ba shi ɗan gidansa, da shago a gaba jingine da katangar. Mutum ne mai tsare sahun gaba, ba a taɓa jin sa da kowa ba. Abin da ke damunsa kawai ƙuncin shagon ne. In ya shimfiɗa shadda zai yanka, sai gwiwar hannunsa ta bugi bango.

Shi kuwa Yaya mutumin Garwa ne, Hausarsa ta kasuwa, mace da namiji duk "shi" yake ce musu. Gidansa yana can ciki, kuma hanyarsa ɗaya ce, wani siririn lungu mai lanƙwasa da ya bi jikin katangar. Ranar da ta faɗi ba ya gari, ya tafi Garwa ɗauko mahaifiyarsa, Dada Jiddah, wadda tsufa ya kama.

Malam ya samo magini, sannan ya buga wa Yaya waya ya gaya masa za a tayar da ita da bulo. Layin yana yankewa, Yaya yana tsakiyar tasha, abin da ya iya faɗi shi ne, "Maƙwabci, ka ci gaba kawai. Na yarda da kai."

Malam ya san abin da yake nufi, sarai ya sani. Amma da magini ya ja igiya ya tambaye shi a ina za a haƙa, sai ya dubi shagon, ya dubi lungun. A bakin lungun akwai ɗan dutsen siminti na iyaka, wanda a nan ake ce wa borne. Ya ce a ciro shi, a matsar da igiyar gaba da shi kamar taƙi guda. Magini ya ɗaga kai ya dube shi, Malam ya ce ai mai gidan da bakinsa ya ce a ci gaba. Dutsen kuma ya tura shi ƙarƙashin teburin yanka, ya rufe da ƙyallaye.

Da Yaya ya dawo ya tsaya a bakin lungu ya daɗe yana kallo. Sai ya yi dariya ya ce, "Malam, katangarmu ya yi ƙiba. Me ka ba shi ya ci?" Malam ya ce bulon yanzu ne, faɗi gare shi. Yaya ya ce haka ne, ya kama hannun tsohuwa suka shige.

Bai sake tayar da maganar ba. Kullum da yamma sai ya karkata kafaɗa da tiren nama a kai ya fito a kaikaice, ya leƙa shago ya yi gaisuwa. Duk sallah sai ya aiko da kilishi, Malam ya ɗinka wa 'ya'yansa kaya ya ƙi karɓar komai. Shago ya yi faɗi, har keken ɗinki na biyu ya shiga. Sai dai Malam ya bar zama ta ɓangaren ƙofa a lokacin fitowar Yaya, don ƙarar gogar tire da bango tana tsaya masa a rai. Sau da yawa ya yi niyyar magana, sai ya ce bari damina ta wuce.

Shekaru suka tafi a haka, har ranar da Dada Jiddah ta rasu da safe. Mata suka yi mata wanka da sutura a cikin gida, maza suka cika titi, liman yana tsaye yana jira. Aka ɗauko makara, aka zo lanƙwasar lungu, ta ƙi juyawa. Aka ja baya aka sake gwadawa, ta ƙi. Wani ya ce a karkata ta, Yaya ya ce ba za a karkata uwarsa ba. Wani dattijo daga unguwar Ekoudou ya ce, ba da nufin komai ba, ai shi da kansa ya taɓa fitar da gawa ta lungun nan kafin Yaya ya sayi gidan, kuma ba su sha wahala ba. Babu wanda ya dubi Malam. Da ma a ce sun dube shi, da ya fi masa sauƙi.

Ya shiga gida ya ɗauko guduma. Ta tsakar gidansa ya fara dukan katangar, har maza suka karɓa suka buɗe gurbin da zai isa. Ta nan aka fito da Dada, ta gaban madafin matarsa Saliha, ta ƙofar gidansa, zuwa titi. A maƙabarta Malam ya tsaya can baya.

Bayan sadakar bakwai ya ɗauki dutsen nan a buhu ya kai gaban mai unguwa, ya roƙi a kira Yaya da shaidu. Ya faɗi abin da ya yi bai rage ba. Mai unguwa ya ce a doka abin a fili yake: a kira mai awon ƙasa ya mayar da dutse wurinsa, a rushe abin da ya shiga, wanda ya gina shi zai sake ginawa. Malam ya ce abin da ya zo nema ke nan.

Yaya ya ce, "Tun ranar da na dawo na sani. Na ce mutumin da na ce na yarda da shi, ba ni zan kunyata shi ba, zai zo da ƙafarsa. Ka daɗe, maƙwabci." Sannan ya ce ba ya son a rushe, don wurin da uwarsa ta bi ta fita ba zai so a toshe shi ba.

A kan haka aka daidaita, aka rubuta, kowa ya sa hannu. Katangar ta zama ta su biyu, abin da mai unguwa ya kira mitoyen, gyaranta a kansu tare, kowa na iya ɗora katakon rufinsa a kai. Gurbin da aka fasa ya zama ƙofa, ba za a sa mata kwaɗo ba, kuma duk abin da ya fi ƙarfin lungu ta gidan Malam zai bi, ko bayan ransu. Mai awon ya zo ya kafa dutsen a inda yake tun asali, sai ga shi ya faɗo cikin shago.

Malam Shamsuddin yana nan a shagonsa, ido ya yi rauni, sai ɗinki marar ado yake yi. Ya fitar da keke na biyu. Dutsen yana tsaye a daɓen shagon, taƙi guda daga bango, kuma tsakanin dutsen da bangon ba ya ajiye ko almakashi. Kullum da safe yakan share wurin.