Kifin Zaki da Ban-ruwan Albasa

Ko tsufa ya ruɗa ni, ba na jin zan manta makon da na kusa kashe kifin zakina da hannuna.

Wani abokina da ke aiki a Legas ya kawo min shi har Goronyo, da akwatin gilashinsa da gishirin teku na musamman. Bai kai tafin hannu ba, mai zane ja da fari, ƙayoyinsa a baje kamar gezar zaki, kuma da dafi. Ni jikan masunta ne, amma ban taɓa ganin kifin teku ba. Na ɗau alwashin sai ya rayu a ɗakina.

Babana, manomin albasa, dariya ya yi. "Kihin da ba a ci, mi a amfaninai?" Maganar ta yi min zafi, ta ƙara min taurin kai.

Da bazara ta kama, ruwan akwatin ya dinga raguwa kullum. Ni da wayona, sai in dama ruwan gishiri in cika. Ai shi ne ya ragu, ko ba haka ba? Ba a jima ba kifin ya daina cin 'yan kifayen da nake kamo masa a kogin Rima. Ya kwanta a ƙasa yana numfashi da ƙyar, launinsa ya dushe. Na lulluɓe gilashin da jiƙaƙƙen buhu, na kunna fanka, shiru. Tsoro ya kama ni, amma na ƙi haƙura.

Ranar Juma'a Baba ya leƙo ya tarar ina dama gishiri. Ya lakaci farin abin da ya bushe a bakin gilashin, ya ɗanɗana.

"Kai, ba ka taɓa ban-ruwan albasa ba? In rana ta shanye ruwa, mi taka bari bisa ƙasa?"

"Kanwa, Baba."

"To rana ruwa taka ɗauka, ba ta ɗaukar gishiri. Kai ko kana ta ƙara mai! Zuba mai ruwan daɗi, kaɗan-kaɗan."

Kunya ta rufe ni. Kwana uku ina zuba tataccen ruwan rijiya da ludayi, safe da yamma, ba fashi. A rana ta huɗu na saka ɗan kifi. Kifin zakin ya taso a hankali, ya baje ƙayoyinsa, ya haɗiye shi. Baba na tsugune bayana, ya riga ni ihu: "Ya ci!"

Tun daga ranar na gane naci kaɗai ba ya ceton rai. Da ban rufe baki na saurari manomin albasa ba, da ƙoƙarina ne zai kashe abin da nake so.