Sa'idu, Wa Zai Sake Aika Ni Yin Ciwon Ƙarya?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Safar, Allah Ya karɓi ran jikana Likita Sa'idu a Anka, bayan 'yar gajeriyar jinya. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya, sai in shiga ɗaki in fito.

Sa'idu, angona, ka tafi ba sallama. Ni da nake maka gorin ka bar ni don matarka Lubna ta fi ni haƙora!

Aikinka na ƙarshe shi ne gano abin da ya shige wa likitocinmu duhu, don a shirya musu bita a kansa. Ka ce in an tambaye su baki da baki, kunya ke hana su faɗi. Sai ka nemi yardarsu cewa wata rana mai ciwon ƙarya za ta zo, ka ce da ni, "Kaka, duk Anka babu wanda ya kai ki shirya zance. Zo ki yi na lada."

Haka na zaga asibitocin Gummi da Bukkuyum, ina sharar hawaye, wai na baro jika a gida yana zazzaɓi da jijjiga. Tambaya ɗaya kake jira su yi mini: ana dakan dutsen zinari a gidanku? Wasu sun yi. Wasu maganin zazzaɓin sauro kawai suka rubuta. Da na yi musu dariya ka ɓata rai, ka ce, "Ba tarko na kafa musu ba, Kaka. Ni ma sai da aka koya mini."

Nan take na tuna ƙanwarka Kausar. Ba wanda ya yi mana tambayar nan, har gubar dalma ta tafi da ita.

Ga shi ba a yi bitar ba, ga yara ana ta kai su asibiti. Wannan ke hana ni sukuni. Abokan aikinsa, kada ku bar ta ta bi shi kabari. Duk wanda bai yi tambayar ba ina riƙe da fuskarsa, kuma ba zan faɗa wa kowa ba sai mai koyarwa.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata makwancinka, Ya haɗa ka da Kausar a Aljanna. Lubna, kishiyata, Allah Ya ba mu haƙuri, Ya raya 'yarku Dija. Ku kuma abokan aikinsa, mayafina na nan rataye bakin ƙofa, in kuna bukatata ku aiko kawai.