Kawu Ya Kira, Bindiga Na Hannuna

Mun tashi da asuba daga Goutte d'Or, unguwarmu a Paris, masu shagunan waya ko ƙofa ba su ɗaga ba, sai motocin nama da kifi masu dawowa daga babbar kasuwar Rungis muke ta kauce wa. Mu uku ne a motar: ni, da ƙawata 'yar Maradi haihuwar Paris, wadda Hausarta rabi Faransanci ce, sai mai koyar da mu harbi, wani dattijon Bature da ba ya fara'a sai kofin kafe mai zafi ya shiga cikinsa. Bindigoginmu na bayan mota a kulle cikin akwatunansu, harsasai a wani akwati dabam, takardun izini a jakata. Lyon muka nufa, gasar harbi da ƙaramar bindiga.

E, daidai kuka ji. Ni ɗin nan da kuke gani da farar riga a farmasi, wasana ke nan, kuma ba cika baki ba, na iya. Ba irin harbin da ake tsayawa wuri guda a auna allo ba ne. Fili ake shiryawa kamar na wasan kwaikwayo, a kakkafa allunan kwali da farantan ƙarfe, agogon alƙali ya yi ƙara, ka bi kana gudu kana harbi. Dokokin da yawa, amma uwarsu ɗaya ce: muddin bindiga na hannunka, bakinta ba ya kallon baya inda mutane suke. Ka juya ko da kuskure, alƙali ya tsayar da kai, ka tattara ka koma gida.

Sai dai ba kofin gasar ne a raina ba. Wani mai sa ido ya aika wa Baba hotona a Zinder, ina riƙe da bindiga. Baba bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ni ban ga abin nan ba, ba zan yanke hukunci a kan hoto ba. Ga kawunki nan a Lyon. Ya je ya gani, abin da ya ce shi ke nan." Na ce to, kuma to ɗin nawa na gaske ne. Idan Kawu ya ce a bari, na bari ke nan har abada. Ga shi Kawu, wan mahaifiyata, tun yana saurayi yake ɗingishi. Duk dangi sun san bindigar adaka ce ta same shi a wani biki, kuma ko a talabijin aka ɗaga bindiga sai ya canza tasha.

Hanyar kam ba laifi, sumul, sai dai kowace tsayawar biyan kuɗin hanya sai malamin namu ya yi tsaki kamar yau aka fara karɓa. Mun ratsa gonakin inabi jere reras a kan tuddai, ga fararen shanu masu ƙiba ba ƙaho ba tozo, ni dai har yau ban yarda shanu ba ne. A wurin hutawa na ga farashin burodi da cuku, na mayar da shi inda na ɗauko shi cikin mutunci. Ƙawata ta fiddo kilishin da aka kawo mata daga gida. Baturen nan ya ci har yaji ya sa shi hawaye, bai fasa miƙo hannu ba. A bakin Lyon muka maƙale cikin ramin da ke ratsa dutse, muna fita sai ga garin a kwance tsakanin kogunansa biyu, ya fi Paris natsuwa nesa ba kusa ba.

Kafin masauki, sai da na hau benen su Kawu a Vénissieux, can gefen Lyon. Na durƙusa, muka gaisa, ya gida, ya hanya, ya sanyi, ya mutanen Paris, har gwiwata ta fara ƙara. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Inna yake kirana, kuma tun ina ƙarama in ya ce "Inna", kafin ya rufe baki na iso gabansa.

"Inna, gobe ne abin naku?"

"Gobe ne, Kawu."

"Zan zo." Iyakar abin da ya ce ke nan, ya ci gaba da jan carbi.

Washegari muka isa filin, wani tsohon ramin fasa dutse a bayan gari. Kai, mutanen Lyon sun iya ƙirƙira! Fage na farko gidan cin abinci suka shirya, da teburi da jan kyalle. Kana zaune, tire cike da kofuna a hannun dama, da hagu kaɗai za ka yi harbi, kofi ya faɗi a rage maka maki. Ni da aka yi ta dukan hannuna na hagu ina yarinya har na daina miƙa shi ga komai, yau ga shi an ce shi ne sarki. Na zubar da kofi guda, na ce ai ya yi ƙoƙari.

Fagen da ya fi ba ni dariya shi ne na 'yar tsana. Wata ƙatuwar 'yar tsana ce mai nauyin jariri, sharaɗin kawai kada ta rabu da jikinka har ka gama. Ƙarti suka yi ta cusa ta a hammata suna harbi da hannu ɗaya, wani ma da ƙafa ya riƙo ta, kai a ƙasa, Allah ya kyauta. Da aka zo kaina na ce wa ƙawata ta miƙo mayafinta. Na sunkuya, na ɗora 'yar a baya, na ɗaure tamau, hannuwana biyu suka zama nawa. Alƙalan suka haɗa kai suna duba takardarsu, babu inda aka hana goyo. Na share fagen nan tas, har 'yan kallo suka tafa. Na waiga bayan na mayar da bindiga kube, babu Kawu. Abin ya sosa mini rai, don da wannan ya gani da na huta.

Sai bayan azahar muka kai fagen kwale-kwale. Jirgin katako ne aka rataye da sarƙoƙi, ko numfashi ka yi sai ya yi lilo. Daga cikinsa za ka kakkaɓe farantan ƙarfe, ka sauka ka bi wata siririyar gada, ka ƙarasa sauran ta wata 'yar taga. Na shiga, na daidaita abin toshe kunnena, irin mai kashe ƙarar harbi amma ya ɗaga muryar mutane. Agogo ya yi ƙara. Faranti na farko ya faɗi, na biyu ya bi shi, jirgin na rawa ina binsa da ƙugu.

"Inna!"

Wallahi sai da wuyana ya motsa. Muryar Kawu ce, daga bayana, da ƙarfi. Jikina duk ya ce juya ki durƙusa, abin da ya saba ke nan tun kafin in san hagu da dama. Ga bindiga a hannuna cike da harsashi. Na cire yatsa daga kunama, na kafe idona a kan faranti.

"Inna! Ba ki ji ba ne?"

Na ji, Kawu, har cikin ƙashina. Zuciyata ta ce shi ke nan, kin yi wa babba kunnen ƙashi a bainar jama'a, wasa ya ƙare. Na ce in ma ya ƙare, ba zai ƙare da bakin bindigata a kan mutane ba. Na harbe sauran, na haye gadar nan, na kuskure biyu a tagar. Na cire gidan harsashi, na nuna wa alƙali bindigar ba komai ciki, na mayar da ita kube, ya ba da izini. Sannan na juyo.

Yana tsaye bayan igiya da sandarsa, an ɗora masa abin toshe kunne a kan hula, wata alƙaliya na zazzaga masa Faransanci, ba a kiran mai harbi, in ya sake za a fitar da shi. Ko kallonta bai yi ba. Na je na durƙusa a kan tsakuwa, kunya kamar in nutse.

"Kawu, ka yi haƙuri. Na ji ka."

"Na san kin ji," ya ce. "Tashi ki ƙarasa abinki."

Da yamma muka je gidansa ni da ƙawata, matarsa ta zubo mana tuwon shinkafa da miyar kuka. Sai da ya wanke hannu ya ɗaga ƙafar wandonsa, ya nuna tabon da ban taɓa gani ba.

"Wanda ya yi mini wannan ba mugu ba ne, Inna. Abokina ne, yaro mai ladabi. Ya ɗura adaka zai buga wa ango, babansa ya kira shi daga baya, ya juyo yana cewa na'am. Ni ne a tsaye kusa da baban." Ya sauke wandon. "Da gangan na kira ki. Har sau biyu."

Hawaye kawai na ji suna sauka. Ya ɗauki waya ya kira Zinder a gabana, suka gaisa da Baba gaisuwar da na ɗauka ba za ta ƙare ba.

Mun kamo hanyar Paris da safe, ruwa na tsuga har muka wuce gonakin inabin. Ban ci kofi ba, a tsakiyar jeri na ƙare, fagen kwale-kwale ne ya ja ni ƙasa, kuma ko a jikina. Abin da na dawo da shi ya fi kofi: ashe akwai ranar da girmama babba shi ne ka bar shi yana kira har ka sauke abin da ke hannunka. Ƙawata ta dame ni in faɗa mata abin da Kawu ya ce a waya, tun da Hausar dattawa na wuce ta. Na maimaita mata a hankali, yadda ya faɗa:

"Alhaji, ka bar ta. Na kira ta, ba ta juyo ba."