Ɗan Wasan da Ya Ci Ƙwallo Ya Sunkuyar da Kai

Wata rana, shekara uku ke nan, na shiga jirgin ƙasa a Italiya da mugun nufi ajiye a cikin wayata.

Gara in faɗa muku tun yanzu, don kada wani ya ɗauka ni ne mutumin kirkin labarin nan.

Sana'ata fata. Shekara goma sha huɗu na yi a kamfanin jima na Alhaji Sammani a Kano. Shi ya ɗauke ni tun ina jan ƙirgi a ƙasa, ya koya min gane fatar kirki da yatsa ko ido a rufe. A gidansa nake cin abinci, har kwanona daban aka ware min. Shi ya fara turo ni Italiya, har bakina ya kama Italiyanci.

Sai ɗansa ya dawo daga karatu, aka ɗora shi a kaina. Da na yi magana, Alhaji ya ce a gaban leburori, "Nafi'u, in wurin ya yi maka kaɗan, ba a ɗaure kowa ba."

Ni kuma Allah ya yi ni da zuciya. A ranar na ajiye makullai, bayan sati biyu na koma wani kamfanin.

Aikin farko da suka ba ni shi ne in je Italiya in janyo musu babban mai sayen fatar Alhaji, wani Bature mai masana'antar jakunkuna.

A wayata akwai hotunan wata fata da rininta ya ɓaci a kamfanin Alhaji. Ba a taɓa tura ta ko'ina ba, ni da kaina na hana a loda ta. Amma hoto ba zai faɗi haka ba.

Niyyata in nuna wa Baturen, in ja bakina in yi shiru.

Har rubutun habaicin da zan saka a shafin nan na riga na tsara, irin wanda duk Kano za ta san da wa nake.

Jirgin irin mai tsayawa a kowace tasha ne. A kujerar da ke fuskantata akwai wani dattijo dogo, kansa duk furfura, ya miƙe ƙafar hagu don gwiwar ba ta lanƙwasuwa. A cinyarsa kwandon tumatir ne an rufe da jarida.

Na ce a raina, manomi.

Mai duba tikiti ya zo, ya karɓi nawa ya juya shi gaba da baya kamar na sato. Da ya waiga wajen dattijon sai ya tsaya cak, ya cire hularsa.

"Lamba Tara," ya ce, ya miƙa masa hannu biyu.

A tasha ta gaba wasu maza suka shigo da gyalen ƙungiyar ƙwallon garinsu a wuya. Suna ganinsa suka zo ɗaya bayan ɗaya suna gaishe shi.

Tasha ta gaba kuma, wasu suka shigo da gyale mai wani launin. Ni tsohon ɗan gidan kallo ne, na san magoya bayan garuruwan nan biyu ko layin burodi ba sa haɗawa. Amma su ma suka tsaya a gabansa, ɗaya har da dafa ƙirji.

Nan na gyara zama.

Na ce, "Baba, don Allah kai wane ne?"

Ya ce, "Tsohon ma'aikaci. Na ɗan buga ƙwallo."

Mai duba tikitin, wanda dama bai yi nisa ba, ya dube ni kamar na tambayi ina gabas take. Shi ya ba ni bayani: ɗan wasan gaba ne mai saka riga lamba tara, shekara goma sha tara yana bugawa, ƙungiya tara ya yi wa wasa, ƙwallo sama da ɗari biyu a raga. Ya ce da ka yake ci, da ƙafa yake ci, har da gwiwar da nake gani a miƙe ya ci.

Sannan ya rage murya ya ce, "Amma rigar ƙasa sau uku kawai ya saka."

Ya wuce aikinsa, ya bar ni da tambaya a baki. Ban iya riƙe ta ba, sai da na tambayi dattijon dalili.

Dattijon ya yi murmushi, ya gyara jaridar da ke kan tumatir ɗinsa, ya fara ba ni labari a hankali don ya ga Italiyancin nawa na kasuwa ne.

Ya ce ƙungiyarsa ta farko a wani ƙaramin gari take. Yana shekara sha shida ya je, babu kowa nasa. Matar da ke wanke wa 'yan wasa riguna ita ta riƙa ciyar da shi a kicin ɗinta, shekara huɗu, ba ta taɓa nuna ta gaji ba.

Da ya kai ashirin, shugabannin ƙungiyar suka ce ba shi da gudu, suka sallame shi. Ya ce ko gaisuwar bankwana ba su yi masa ba, a takarda ya gani.

Daga nan ya shiga yawo. Ƙungiya zuwa ƙungiya, rukuni na uku, rukuni na biyu, har ya hau na ɗaya. Duk inda ya je sai raga ta sha wahala.

Akwai wata al'ada a ƙwallo, masu kallo sun san ta: idan ka ci tsohuwar ƙungiyarka, ba ka murna. Ka ɗaga hannu biyu, ka koma tsakiyar fili. Wasu na yi, wasu ba sa yi, ba doka ba ce.

Shi ya riƙe ta tamau. Kuma mutumin da ya zaga ƙungiyoyi da yawa haka, kusan duk wata sai ya haɗu da tsohon gida. Ya ce har 'yan jarida suka riƙa yi masa ba'a, wai shi kaɗai ne ke cin ƙwallo ya yi fuskar zaman makoki.

Sai shekarar da ya kai talatin da ɗaya. Shi ke kan gaba a cin ƙwallaye a gasar ƙasar. Ana shirin babbar gasa ta ƙasashe, saura gurbi ɗaya na ɗan wasan gaba, kuma kocin ƙasa ya zo da kansa ya zauna a filin don ya gan shi a wasan ƙarshe.

Wa za su kara da su?

Ƙungiyar da ta kore shi. Kuma in aka ci su a ranar, sun faɗa rukuni na biyu.

Kafin wasa wani na kusa da kocin ya raɗa masa cewa mutumin nan yana son mai zafi, mai ihu, mai tayar da 'yan kallo. Ya ce masa, yau in ka ci, ka nuna kana da jini a jika.

Saura minti biyu a tashi, babu ci. Aka ɗago ƙwallo daga gefe, ya tashi sama tsakanin mutum biyu, ya sa mata kai.

Raga.

Filin ya ɗauki ihu, abokan wasansa suka rugo. Shi kuwa ya ɗaga hannu biyu, ya sunkuyar da kai, ya taka a hankali zuwa tsakiyar fili.

Magoya bayansa suka yi masa ihun banza. Washegari jaridu suka ce ba shi da kishi. Da sunayen 'yan wasan ƙasa suka fito, babu nasa.

Na ce, "Baba, mutanen da suka kore ka da takarda? Saboda su ka bar gasar duniya guda?"

Ya ce, "Ba su na gani ba. Na san kujerar da matar nan take zama."

Na ce, "To in haka ne, me ya sa ka ci ƙwallon?"

Ya dube ni sosai, ya ce:

"Ƙafata da kaina na waɗanda nake wa aiki yau ne, ba zan ha'ince su ba. Amma fuskata, waɗanda suka ciyar da ni jiya suna da haƙƙi a kanta."

Wayar da ke aljihuna ta yi min nauyi.

Ya ce sai bayan shekara biyu aka kira shi rigar ƙasa, wasan sada zumunci, lokacin gwiwa ta fara ciwo. A wasa na uku ya shigo daga benci ya ci ƙwallo ɗaya.

"Ranar na yi gudu," ya ce yana dariya. "Na yi ihu har na faɗi a kan allon talla. Babu wanda zan ji kunyarsa."

Daga baya aka gaya masa cewa a duk garuruwan da ya taɓa bugawa, mutane sun fito titi suna busa ƙahon mota. Har da garin da ya jefa rukuni na biyu.

Jirgin ya fara rage gudu, ya miƙe da ƙyar ya ɗauki kwandonsa. Na tambaye shi ina zai kai tumatir.

Ya ce, "Wajenta. Ta haura tamanin, amma har yanzu ta ce na kasuwa ba shi da ɗanɗano."

A garin nan da ya jefa rukuni na biyu ya sauka. Ta taga na ga mai shagon shayin tashar ya fito ya karɓar masa kwandon. A bangon shagon akwai wani babban hoto da rana ta cinye launinsa: ɗan wasa sanye da rigar abokan hamayya, hannu biyu a sama, kai a ƙasa.

Na daɗe ina kallon ƙwallo, ban taɓa ganin garin da ya rataye hoton wanda ya ci shi ba sai ranar.

Kafin jirgin ya kai tasha ta gaba na goge hotunan nan. Ba zan yi muku ƙarya ba, sai da yatsana ya tsaya a kan na ƙarshe.

Na isa wajen Baturen, na baje masa samfurin fatarmu. Ya shafa, ya ja, ya shinshina. Sai ya ce, "Me ya raba ka da Alhaji? Akwai matsala a kayansa ne?"

Na ce, "Shi ya koya min duk abin da na sani. Ka duba tamu, in ta yi maka ka saya."

Ya sake tambaya ta wata hanyar. Na sake ba shi amsar.

Ya ba mu cinikin. Na yi aikina, na ci ƙwallona.

Rubutun habaicin bai taɓa fitowa a shafin nan ba. Da na sauka Kano, ban je sabon ofis ba sai da na fara zuwa gidan Alhaji Sammani, bayan la'asar, don ya ji daga bakina.

Na same shi a zaure. Na durƙusa na gaishe shi.

Na ce, "Alhaji, na zo ne in gaya maka..."

Ya ce, "Na sani. Baturen ya kira ni. Ya ce sau biyu ya nemi laifina a bakinka."

Sai ya miƙo hannu ya ce in ba shi samfurin da ke leƙowa daga jakata. Ya rufe ido ya bi gefen fatar da yatsa, kamar yadda ya koya min.

Ya ce, "Nan bai yi laushi ba. Har yanzu kana da gaggawa, Nafi'u."

Sannan ya ɗaga murya zuwa cikin gida: "A kawo masa abinci. A kwanonsa."

Ashe ba a ɗauke kwanon ba. Nan hawaye suka zubo min, ban ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba.

Darasi: Ka bar wuri in zaman ya ƙi, ka yi wa sabon wurinka aiki da gaskiya, ka yi nasara ko da a kan tsohon gidanka ne. Amma kada ka yi rawa a gaban waɗanda suka ciyar da kai lokacin da ba ka da kowa. Ko masu gidan sun ɓata maka, akwai wani a cikinsa da bai yi maka komai ba sai alheri, kuma yana kallonka.

In ka san wani da ya bar tsohon maigidansa yana shirin ramuwa, tura masa wannan kafin ya danna abin da ke wayarsa.