Gwaggo Mai Ɗinki da Wayarta

Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta shekara talatin tana ɗinki a wani ɗan shago mai taga ɗaya, tsakanin mai aski da mai sayar da takalma. Da ɗanta ya saya mata wayar zamani, sai ta mayar da ita abin danne yadi idan fanka na kaɗawa.

Wata rana kekenta ya fara tsallake ɗinki, zare sai tsinkewa yake. Mai gyara ya ce gobe, goben nan har ta kai mako biyu. Na biya shagon na tarar tana yi wa keken faɗa kamar ɗan da ta haifa.

"Gwaggo, ki tambayi wayarki mana," na ce, na nuna mata inda za ta danna ta yi magana.

Ta gyara ɗankwali, ta kai wayar bakinta. "Sannu da aiki. Ina gajiya? Ya mutanen gida? Dama wata 'yar matsala ce..."

"Gwaggo, ba a gaishe ta. Faɗi damuwarki kawai."

"Ikon Allah! Haka kawai in afka wa mutum da tambaya?"

Da ƙyar ta faɗa. Sai ga bidiyon wata mata, ko yarenta ba ma ji, tana juya allura a gaban keke irin nata sak. Ashe Gwaggo ce ta sa allurar a juye. Ta gyara, keke ya ɗau waƙa. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, wannan magana ta tsaya a shagon nan."

Daga ranar wayar ba ta ƙara hutawa ba. Sabon yayin hannun riga, yadda ake fitar da maiƙo daga leshi, dalilin da ya sa kyanwa ke tsoron ruwa. Mai aski, wanda a da shi ke raba gardama a layin, ya rantse jemage ƙwai yake yi. Gwaggo ta tsallaka da tef a wuya, ta nuna masa jemage na shayar da ɗansa. Kwana uku bai amsa gaisuwarta ba.

Sai gwiwarta ta fara ciwo. Ta tambaya, wayar ta jero mata cututtuka goma sha biyu, Gwaggo kuwa ta zaɓi mafi muni. Washegari ta tara maƙwabta ta nemi gafara. Ta ba matar mai takalma babban almakashinta, ta ba ni akwatin maɓallai, mai aski ma ya samu kujera.

Na ja ta asibiti. Likita ya lallatsa gwiwar ya ce, "Hajiya, awa nawa kike taka keke a rana?"

"Tara."

"To, ciwon ke nan. Ki rage, ki shafa wannan."

Muka kamo hanyar komawa. Muna isa layin ta wuce shagon mai aski, ta ce wa mutumin da ke zaune yana jiran aski ya ɗan tashi, ta ɗauke kujerarta. Almakashin ne ya gagara, don matar mai takalma ta ce kyautar mai barin duniya ba a mayarwa. Har yau idan Gwaggo za ta yanka yadi mai kauri, aro take zuwa.