Ɗalibata aka ba, ni na yi tafi

Jiya a zauren taro na jami'armu aka kira sunan gwarzon malami na bana. Na riga na gyara zaman hulata, sai na ji an ce Dakta Rifkatu.

Rifkatu ɗalibata ce. Ni na koyar da ita tun tana aji ɗaya, ni na matsa mata ta dawo koyarwa. Shekara goma sha tara ina wannan aiki, ko takardar yabo ba a taɓa miƙo mini ba. Na yi tafi kamar kowa, amma ƙyashi ya cika ni.

Da aka tashi ta roƙe ni in rage mata hanya, tunda dukanmu Sabon Tasha muke. Ta zauna da lambar yabon a cinya, ni kuwa ina ta tuƙi har muka haye gada.

Ta ce, "Baba, ba ka ce komai ba."

Na ce, "Ai na taya ki murna."

"Bakinka ya taya ni, fuskarka ba ta taya ni ba."

Na ce, "Gaskiya, Rifkatu, na so a ce ni ne."

Ta ce, "Na sani. Ni ma da kai aka ba, da sai na fi haka kumbura."

Muka yi dariya, amma ƙyashin bai tafi ba. Yau da safe ta kawo lambar yabon zuwa ofishin da muke zama tare, ta ce in taimaka in kafa mata ƙusa. Na kafa, daidai bangon da teburina yake kallo.

Malamai 'yan'uwana, in ɗalibinku ya wuce ku, yaya kuke yi da zuciyarku?