Rabin Irin da Yaya Umaru Ya Hana a Binne

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da Allah Ya karɓi ran yayana, Malam Umaru. Abin da ya tado mini da shi kuwa jikata Nafisa ce, da na tarar a Sabon Birni tana yi wa waya bayani da Hausa, wayar tana rubuta mata manhaja. Na yi dariya har da ƙwalla, don na tuna wahalar da Yaya ya sha kafin na'ura ta saurare shi.

A farkon shekarun saba'in ya tafi jami'a, ni kuwa na tsaya gona da Baba a Kamarawa. Can ya koyi Fortran, harshen da aka ƙirƙira don masu lissafi su huta da yi wa na'ura magana da sifili da ɗaya. Ba a allo ake rubutawa ba. Kati ake hudawa, kowane layi da katinsa, a miƙa tulin ta taga, a koma a jira. Kuskure ɗaya ya isa a dawo maka da kayanka duka. In ya zo hutu yana ba mu wannan labari, nakan ce masa ko jakinmu bai kai na'urar nan taurin kai ba.

Sai fari ya zo, ya kuma maimaita. A shekara ta biyu rumbunmu ya koma fayau, ba abin da ya rage sai irin gero. Maƙwabta suka fara binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, don a riga yunwa. Baba ma ya ɗaura niyyar binne irin gaba ɗaya. In ya tsiro ya yi, mun tsira da wuri. In ya ƙone, ba mu da ƙwaya ɗaya ta sake shukawa, kuma ba inda za a samo.

A lokacin Yaya yana taya wani malaminsa lissafin ruwan saman shekarun baya. Da ya iso gida, Baba ya tare shi a gindin rumbu.

"To, mi na'urar taka tac ce? Ana ruwa bana?"

"Baba, ba ta san gaibu ba."

"To mi na amfaninta?"

Yaya ya sunkuyar da kai, ya ce abu ɗaya ta koya masa. In ka ba ta lissafi, dole ka faɗa mata inda za ta nufa in ya haura, da in ya yi daidai, da in ya gaza, ko ta ƙi motsawa. Sannan ya ce, "Kun hwaɗi abin da za mu yi in ruwa ya zamna. In ya zo ya ɗauke hwa, mi za mu shibka?"

Ran Baba ya ɓaci, na gani a fuskarsa. Bai saba ɗa ya tambaye shi zancen gona ba, balle ɗan da hannunsa ya manta fartanya. Ya tashi ya tafi masallaci. Da ya dawo ya ce wa Inna, "Raba irin nan biyu." Inna ta zuba rabi a tulu, ta gauraya da toka, ta liƙe bakin da laka, don kada yunwa ta sa mu waiwaye shi. Ɗaya rabin muka binne a gona.

Ruwa ya sauka, gonaki suka yi kore, mutane suna yi mana dariyar gona rabi. Sai sama ta ɗauke. Muna kallo tsiron ya lanƙwashe ya bushe. Da ruwa ya dawo, Inna ta fasa lakar nan, muka shuka, Baba ya ɗebar wa maƙwabta abin da ya samu. Ba mu cika rumbu ba a shekarar, amma ba mu bar gari ba, kamar yadda gidaje da yawa suka yi.

Yaya ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa, harsunan kuma suna ta sauyawa a hannunsa. Ya taɓa COBOL na bankuna da ofisoshi, ya ce surutunsa ya yi yawa. Ya koya wa ɗalibai BASIC da ƙananan kwamfutoci suka shigo, sannan Pascal, sannan C. Da furfura ta kama shi ya zauna koyon Python, yana mita wai an sauƙaƙa wa yaran yanzu har an lalata su, alhali shi ya fi kowa jin daɗinsa. Yakan ce kowane sabon harshe na matso da na'ura kusa da maganar mutane ne, amma bai taɓa ganin wanda ya ɗauke wa mai rubutu nauyin tunani ba.

Da zai ga wayar Nafisa, na san zai karɓe ta ya hana kowa sakat. Abin da zai ƙona masa rai shi ne gonakin Kamarawa da na Gatawa, da yanzu ba fari kaɗai ke hana a je su ba, har da tsoron 'yan bindiga.

Ban san ko akwai sauran wata manhaja da ya rubuta tana aiki a wani wuri ba, ina ma zaton babu. Amma ina gode wa Allah da Ya ba mu shi, ina kuma kewarsa ƙwarai. Geron tulun nan ba mu taɓa barin irinsa ya yanke ba. Ko da muka baro ƙauye muka dawo garin Isa, shi na fara ɗaurewa kafin tufafi, kuma da shi aka dama furar da na sha yau. Allah Ya jiƙan Yaya Umaru.